Gwanin da ke ajiye kyamara ya ɓuya

A watan Maris na 2014 kamfanin Facebook ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Oculus a kan dala biliyan 2. Abin da Oculus ke ƙerawa wani tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu ruf, sai mutum ya ga kansa a tsakiyar wani wuri daban da inda yake zaune. In ya waiga dama ya ga abin da ke dama, in ya ɗaga kai ya ga sama. VR ake ce wa fasahar. Tun daga wannan ciniki manyan kamfanonin fasaha ke ta auna abu guda: a shiga kasuwar ne, ko a dakata a ga kamun ludayin waɗanda suka riga suka shiga?

Waɗanda suka shiga kam sun ji a jikinsu. Facebook ya sauya suna ya koma Meta a 2021 don a san inda ya sa gaba, amma sashensa mai kula da wannan harka ya tafka asarar sama da dala biliyan 13 a 2022, ya ƙara da sama da biliyan 16 a 2023. Google ya fito da tabarau na kwali wanda ake zura waya a ciki a 2014, ya biyo shi da Daydream, sannan ya janye Daydream ɗin a 2019. Kamfanin Nokia ya ƙera kyamarar OZO mai kuɗi dala dubu 60, ya watsar da ita a 2017. Apple ya daɗe yana kallo daga gefe, sai a Fabrairun 2024 ya fito da Vision Pro a kan dala 3,499, kuɗin da zai zame wa mutum jari a babbar kasuwar Jimeta.

Duk wannan ja-in-ja a kan tabarau ake yin ta: nauyinsa, farashinsa, batirinsa. Ba kasafai ake maganar mutumin da ke cika tabarau ɗin da abin kallo ba, alhali in babu shi, kwali da gilashi kawai aka ɗaura wa mutum a fuska. Aikin wannan mutum nake so in bayyana, domin gwaninta ce da ta cancanci a tsaya a dube ta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a cikinta ɗan Najeriya ne, a yankinmu na arewa maso gabas ma ya nuna ta.

Sunansa Joel Kachi Benson. A 2018 ya yi wani gajeren fim na kewaye, wato mai ɗaukar digiri 360, mai suna In Bakassi, a kan wani yaro maraya a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri a lokacin. Shekarar da ta biyo baya ya yi Daughters of Chibok, fim na minti 11 a kan wata uwa da ke jiran 'yarta tun daren 14 ga Afrilu 2014, lokacin da aka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantarsu da ke garin Chibok. A watan Satumba na 2019 fim ɗin ya lashe kyautar labarin VR mafi kyau a bikin finafinai na Venice da ke Italiya. Mutanen Yola ba baƙi ba ne ga wannan labari. Wasu daga cikin 'yan matan da suka kuɓuta sun zo karatu Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola tun a 2014, sama da ɗari kuma suka biyo baya a 2017. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, jama'a sun kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansanonin Malkohi da Damare da Fufore, wasu a harabar majami'ar St. Theresa, akasarinsu kuwa a gidajen dangi da na waɗanda ba su taɓa sani ba. A lokacin kyamarori sun shigo garin nan birjik. Kowace da kusurwar da mai ita ya zaɓa, ya yanke abin da ya ga dama ya bar abin da ya ga dama. Kyamarar kewaye ba ta ba mai ita wannan dama, kuma daga nan wahalarta take farawa.

Ƙaramar irinta idanu biyu gare ta, suna ba juna baya, kowanne yana ganin ɗan fiye da rabin duniya. Manyan kuma, irin na ƙwararru, suna da idanu shida ko takwas a jere a jikin wata ƙwallo. Kowane ido yana ɗaukar nasa hoto, daga baya a kai kwamfuta a ɗinke su su zama hoto guda mai zagaye. Ke nan babu wani wuri da ake kira bayan kyamara. Duk wanda ya taɓa leƙa inda ake ɗaukar fim ɗin Kannywood ya san yadda bayan kyamara ke cika: darakta, mai riƙe da fitila, mai sandar ɗaukar murya, ga 'yan kallo sun yi dafifi. A nan kuwa duk wanda ya tsaya kusa ya shiga fim. Don haka mai ɗauka yakan kafa kyamara, ya danna, ya ce kowa ya ɓuya, shi ma ya ruga bayan katanga ko rumbu ko gindin bishiya, yana leƙen abin da ke gudana ta wayarsa in sadarwar ta kai. Duk shawarar da zai yanke dole ya gama yanke ta kafin ya ɓace.

Babbar shawarar ita ce inda zai kafa ta. Mai gidan da ya san darajar baƙo ya san inda zai shimfiɗa masa tabarma: ba ya ajiye shi a bakin ƙofa inda masu shige da fice za su riƙa tsallake shi, ba ya kai shi can nesa inda ba zai ji hira ba, ba ya kuma cusa shi inda bai kamata idonsa ya kai ba. Aikin mai kyamarar kewaye ke nan, domin wanda ya ɗaura tabarau yakan ji kamar jikinsa ne ke tsaye daidai inda kyamara take. Ɗauki misalin uwa zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa tana ba da labari. In aka kafa kyamarar a tsayin mutum tsayayye, mai kallo zai ji ya tsaya a kan dattijuwa yana kallonta ta sama, abin da ba ɗan da ya samu tarbiyya da zai yi. In aka yi ƙasa da ita fiye da kima, sai ya ji kamar an binne shi zuwa wuya. Gwani yakan sauke ta daidai tsayin idon wanda ke zaune, ta yadda mai kallo zai ji shi ma a zaune yake, an ba shi wuri a cikin hirar. 'Yan santimita kaɗan ne ke raba ladabi da rashinsa a wannan aiki, kuma ba na'urar da za ta auna wa mutum su.

Haka nan tazara. Wannan kyamara ba ta jawo abu kusa. Ga dalili: duk kaifin hoton da take da shi an shimfiɗa shi ne a kan kewaye gaba ɗaya, mai kallo kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin yake gani a lokaci guda. Saboda haka fuskar da ta yi nisan mita biyar ta fara narkewa, ba a ganin motsin ido balle rawar leɓe. Wadda ta matso ƙasa da mita guda kuma takan takura wa mai kallo har ya ja da baya a kan kujerarsa. Tsakanin mita ɗaya da biyu ake samun zaman hira. In ana son a ga hawaye ko murmushi, sai dai a ɗauki kyamarar a matsar da ita, kuma matsawar ba ta yiwuwa sai mai fuskar ya amince da kai.

Sai ɗinki, inda aka fi gane gwani daga ɗan koyo. Miƙa yatsanka gaban fuskarka, ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗaya, sannan ka sauya: za ka ga yatsan yana tsalle, alhali bangon da ke nesa bai motsa sosai ba. Idanun kyamarar ma haka suke saɓa wa juna a kan abin da ke kusa. Duk abin da ya faɗo daidai inda hotuna biyu za su haɗu, in yana kusa, sai ya tsage ko ya ninku: a ga mutum da rabin kafaɗa, ko akuya mai kai biyu. Manhajar ɗinki tana iya ƙoƙarinta, amma gyaran gaske tun a fili ake yin sa. Mai ɗauka yakan juya kyamarar har ido ɗaya ya fuskanci mai magana sosai, layin ɗinkin kuwa ya faɗa kan bango, ko fili, ko gona mai nisa, inda ba abin da zai gitta. Wannan yana bukatar ya zauna ya karanci gidan tukuna: ta ina yara ke gudu, ta ina ake wucewa da tulu, wace ƙofa ce ba ta hutawa. Har ƙasa sai ya kula da ita, don mai kallo zai sunkuya ya duba ƙafafunsa, kuma abin da zai gani ƙafafun ƙarfen da aka ɗora kyamara ne. Shi ya sa in an gama yakan janye su ya ɗauki hoton ƙasar wurin ita kaɗai, daga baya ya liƙa a rufe. Inuwar sandar ma, wadda rana ke shimfiɗawa da yamma, sai an bi ta an goge.

Akwai kuma abin da jikin ɗan Adam ba ya yafewa. In kyamara ta motsa, ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, na'urar daidaito da ke cikin kunne kuwa tana cewa a zaune ake. Saɓanin nan ne ke kawo jiri da tashin zuciya, kuma wanda abin ya taɓa samu da wuya ya sake yarda ya ɗaura tabarau. Don haka gwani yana barin kyamararsa a kafe, kuma a miƙe sak, kada sararin sama ya karkace ko kaɗan. In tafiya ta zama dole, to a miƙe, da gudu iri ɗaya, babu juyi babu girgiza. Wanda ya saba shawagi da kyamara a wurin biki zai ga wannan kamar an ɗaure masa hannu. Ni kuwa wannan natsuwar ce ta fi burge ni a irin finafinan nan: wuri yana tsaye, rayuwa ce ke motsi a cikinsa.

To tunda mai kallo yana da 'yancin duba duk inda ya so, yaya ake sa shi ya dubi inda labari yake? Da kunne ake jan sa. Ana amfani da wata makirufo mai baki huɗu da ke ɗaukar sauti tare da ɓangaren da ya fito, ta yadda in mai kallo ya juya kai, sautin zai tsaya a inda yake. A bar ƙarar turmi ta taso daga bayansa ta hagu, zai waiga da kansa, kuma a can aka tanadi abin da ake so ya gani. Ana kuma jan sa da idon mutane: in duk waɗanda ke tsakar gida suka dubi ƙofa, shi ma zai duba. Wajen haɗa fim ɗin, ba a yanka shi gutsi-gutsi kamar bidiyon waƙa. Kowane zama ana barinsa ya daɗe, mutum ya gama dube-dubensa ya natsu. In za a sauya wuri, sai mai haɗawa ya ƙiyasta inda idon mai kallo zai kasance a daƙiƙar ƙarshe, ya juya sabon hoton yadda abu mafi muhimmanci zai bayyana daidai nan. In an yi shi da kyau mai kallo zai rantse shi ya zaɓi duk abin da ya gani.

Haske ma haka: ba inda za a ɓoye fitila, rana kuma kullum tana cikin hoto ko tana dab da shiga. Shi ya sa ake farauton safiya kafin hantsi ya dubi ludayi, da kuma la'asar sakaliya. A Yola akwai ƙarin jarrabawa. Zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, kyamara mai idanu shida kuwa da kanta take ɗaukar zafi har ta kashe kanta a tsakiyar magana, ga shi ba a iya yi mata laima don laimar za ta fito a fim. Lokacin hunturu kuma ƙura ce: gilasan idanun a kumbure suke, ba su da rumfa, ƙwayar ƙura ɗaya sai ta zama tabo rataye a sararin sama daga farkon zama har ƙarshe.

Abin da na fi girmamawa a wannan sana'a, duk da haka, ba a jikin na'ura yake ba. Kyamarar da ke ganin ko'ina tana ganin har abin da ba a yi niyyar nunawa ba: matar da ta fito daga ɗaki ba mayafi, tukunyar da ba komai a ciki, marar lafiya kwance a lungu. A garin da ake da zaure don a tsayar da idon baƙo, inda kunya da pulaaku, wato kamun kai irin na Fulani, ke da nauyi, izinin mai magana shi kaɗai bai wadatar ba. Sai an bi duk wanda ke cikin kewayen an fahimtar da shi cewa abin nan da aka kafa yana kallon bayansa kamar yadda yake kallon gabansa. Sannan tunda mai ɗauka yana ɓuya, mutum yakan saura shi kaɗai da na'ura, wani lokaci har ya faɗi abin da ba zai faɗa a gaban ido ba. Wannan amana ce, kuma mai mutunci yakan komo ya ɗaura wa mutanen tabarau su ga kansu kafin duniya ta gan su.

Wasu sun zuzuta fasahar har suna cewa tana sa mutum ya ji abin da wanda masifa ta samu ke ji, musamman bayan fim ɗin Clouds Over Sidra da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi a 2015 a sansanin Za'atari na ƙasar Jodan. Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Minti goma cikin tabarau ba ya mai da kowa ɗan gudun hijira. Abin da yake iya yi ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gaske ne: yana hana mutum kau da kai, yana sa shi zama ya saurara har a gama.

To, ko ya kamata babban kamfani ya shiga kasuwar? Ina ganin ya kamata, in dai zai shigo ta ƙofar araha kuma yana da haƙurin zama. Duk abin da ya iso gare mu daga wannan fasaha ta wannan ƙofa ya iso. YouTube da Facebook sun fara karɓar bidiyon kewaye a 2015, har mai waya ma yana iya kallo ta hanyar juya wayar ko shafa ta da yatsa. Kamfanoni irin su Ricoh da Insta360 sun fito da ƙananan kyamarori na 'yan ɗaruruwan daloli. Tabarau ɗin Facebook mai suna Quest 2 ya fito a 2020 a kan dala 299. A Legas, Judith Okonkwo ta buɗe Imisi 3D a 2016 don matasa su samu inda za su taɓa kayan su koya. Kamfanin da ya shigo da na'urar da sai attajiri, kasuwarsa ta tsaya can inda attajiran suke. Wanda kuma ya shigo yau ya fice gobe yakan bar masu sana'a riƙe da kayan da ba a ƙara gyara su, kamar yadda ya faru da masu OZO da Daydream. Shi ya sa mai hankali a cikin masu ɗauka yakan adana ainihin fim ɗinsa a matsayin bidiyo na gama-gari da kowace na'ura za ta iya buɗewa, ba ya jingina shi ga shagon kamfani ɗaya.

Ina kuma ganin matasan Jimeta masu ɗaukar bidiyon biki da suna sun riga sun mallaki rabin wannan gwaninta ba tare da sun lura ba. Sun san yadda ake shiga taro ba a ɓata wa kowa rai ba, sun san wa ake fara gaisarwa, sun san lokacin da ake sauke kyamara. Abin da ya rage musu shi ne su koyi barin ta a wuri ɗaya, su koyi ɗinki da sauti. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka masu karatun kwamfuta da aikin jarida za su iya riƙe wancan ɓangaren.

Abin ɗauka kuwa ba mu rasa ba, kuma ba dole sai labarin baƙin ciki ba. Ga Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya a 1999, da hanyoyinsa da aka shimfiɗe da duwatsu, da gonakinsa masu hawa-hawa a jikin tsaunukan Mandara, da fadar Hidi, sarkin wurin, a can sama. Da ƙafa ake hawansa, kuma yawancin 'yan makarantar jihar nan ba su taɓa ganinsa ba. Wuri ne da hoto mai kusurwa huɗu ke tauye wa haƙƙi, don girmansa a kewaye yake.

Mafi wuya a ganina shi ne hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo a Yola. A kan rumfar manyan baƙi kyamarar za ta yi nisa, dawakai su koma ƙanana. A tsakiyar fili kuma za a take ta. Wurin da ya dace yana gefen layin da mahaya ke ja da linzami su tsaya cak su yi jinjina, kusa yadda za a ga adon doki da kumfar bakinsa, amma ba kusa har layin ɗinki ya raba doki biyu ba, kuma ta ɓangaren da iska ke kwashe ƙura ta yi gaba da ita. Sai an nemi izinin fada, sai an yi magana da dogarai su san abin da aka kafa don kada su ture shi ko su tsaya a jikinsa, sai an sami inda mai ɗauka zai saje da 'yan kallo cikin kayan sallarsa. Wanda zai yi wannan aiki da kyau zai fara ne da halartar hawan ƙaramar sallah hannu rabbana, ya tsaya ya lura da inda kofato ke tsayawa da inda rana take a wannan sa'a, sannan ya komo da kyamararsa a babbar sallah.